Dariyar Surukin Abokina

Shekarun baya, ina zaune a Unguwar Shanu, abokina ya samu abin da ya daɗe yana nema. Wani gidan talabijin ya yarda a ɗauki wasansa na barkwanci a gaban 'yan kallo. Amma sun ce ba za su saka masa dariyar nan da ake naɗa a ajiye ba. In mutane sun dara da kansu, shiri ya shiga. In sun yi shiru, ya koma gida.

Don murna muka gayyato kowa da kowa. Ni uban tsari har na ce a kira surukansa su ga 'yarsu ba mashiririci ta aura ba. Na zaunar da mahaifin matarsa, wani dattijo ɗan fansho daga Unguwar Rimi, a layin gaba tsakiyar dangi.

Aka kunna fitilu, aka fara. Wasa ya yi wasa, amma ɗaki tsit. Wa zai ƙyalƙyale a gaban suruki? Mata sun toshe baki da gyale, kafaɗu sai rawa suke, samari sun sunkuyar da kai. Mai ɗaukar sauti ya raɗa mini cewa na'urarsa ba ta jin rawar kafaɗa. Abokina kuwa ya jiƙe sharkaf da gumi.

Sai aka zo inda yake kwaikwayon saurayin da ya durƙusa gaida suruki, ƙafa ta sage, ya kasa tashi, ya ci gaba da jero gaisuwa har ya tambayi lafiyar awaki. Dattijon nan ya cije, ya gyara hula, sai kawai dariya ta ƙwace masa. Ya tuntsire har da buga sanda, yana cewa, "Wallahi haka ya yi a ƙofar gidana."

Ai sai ɗaki ya ɓarke. Ni kaina tsalle na riƙa yi a bayan kyamara. A ranar aka karɓi shirin.

Har yau in na tuna sai daɗi ya cika ni. Na gane ashe dariya ma izini take jira. Gidan talabijin ɗin ya ajiye dariyar dattijon, ya yi ta saka ta a wasu shirye-shiryen. Duk sanda ta fito, jikokinsa sukan ce, "Ga Alhaji nan." Shi kuma ya haɗe rai ya ce bai san mutumin ba.