Albasar da Ban Saya Ba a Illela

Alhamis: Kano zuwa Sakkwato

Ana sallame sallar asuba, ƙarfe biyar da rabi, na rataya 'yar jakata na nufi tasha. Ba yawon buɗe ido ya fitar da ni ba, ni da gwiwa ta fara ba ni labari. Safiya ce sanadi, 'yar yayana marigayi, wadda ni ne waliyyinta. Ta gama karatun jinya ta kawo mana wani yaro abokin aikinta, Kamalu, ɗan Illela ta jihar Sakkwato. Yaron ba shi da makusa a ido, amma uwarta, Yaya Binta, da jin sunan garin ta ɗaure fuska.

"Bakin iyaka fa, Baffan yara! Wa ya san asalinsu? Wa ya san abin da suke shigowa da shi? Ka je ka gani da idonka. Abin da ka ce shi za a yi."

Safiya kuwa ta ce in na ce a'a ta haƙura, ba za ta ja da mu ba. Wannan magana ita ta fi yi mini nauyi, don na san yarinyar, za ta haƙura ɗin kuwa, ta yi ta ramewa a tsaye.

Na biya dubu goma sha shida na samu kujerar gaba a mota Sharon. Shida da kwata muka tashi, muka bi ta Gwarzo da Malumfashi, tara da rabi muna Funtuwa. Daga Tsafe mota ta yi tsit, kowa da abin da yake karantawa a zuci, har muka ga Gusau. Shingayen sojoji na ƙirga bakwai na gaji da ƙirga. A Talatar Mafara muka yi azahar, na ci shinkafa da wake ta dubu ɗaya da ɗari biyar, man kamar an ɗiga da allura.

Direba ya tambaye ni abin da zai kai ni Illela. Na gyara murya na ce albasa zan saro. Dabarar da na ƙulla ke nan, don mai binciken aure ba ya shiga gari da ganga. Ya dube ni, ya dubi takalmina mai sheƙi, ya ce Allah ya ba da sa'a. Ni da na shekara talatin ina koyar da lissafi, ban taɓa sayen albasar da ta wuce ta miya ba. Huɗu da rabi muka shiga Sakkwato, na kwana gidan wani tsohon ɗalibina.

Juma'a: Illela da Kalmalo

Bakwai na safe na shiga motar Illela, dubu uku, mu shida a baya da gaba kamar an cusa auduga. Tafiyar kilomita tamanin da 'yan kai ce, ta Kware da Gwadabawa. Nan shingayen suka canza fuska, kwastan da jami'an shige da fice suka fi yawa. Wani ya leƙo ya ce, "Baba, ina zuwa?" Na ce Illela. Ya ce, "A sauka lafiya." Tara saura muka isa.

Illela ba wani babban gari ba ne, amma ba ya zama wuri ɗaya. Titi guda ya ratsa shi ya miƙe zuwa iyaka, bayanta kaɗan sai Birnin Ƙonni ta Nijar. Manyan motoci jere, raƙuma na ratsawa tsakaninsu ba ruwansu, 'yan canji na zaune da naira a hannu ɗaya sefa a ɗayan. Gida guda za ka tarar uwa 'yar Ƙonni, uba ɗan Amarawa, ƙanwa tana aure a Darna. Na kama ɗaki a wani masauki kusa da tasha, dubu takwas, da fanka mai kukan tsohuwar akuya.

Abin da na sani game da uban yaron kaɗan ne. Sunansa Alhaji Lawal, gyaran injin ban-ruwa yake yi. Na zauna teburin mai shayi na fara jefa ƙugiya.

"Lahiya, baƙo? Mi ka kawo ka garinmu?" in ji mai shayi.

Na ce albasa.

"Ta ajiya ko ta kai kasuwa?"

Na ce duk wadda ta samu. Mutum biyu da ke kan benci suka sunkuyar da kai cikin kofunansu. Na ɗauka kunyar baƙo ce. Na zagaya na ce ko ya san wani Alhaji Lawal mai inji. Ya ce wa bai san shi ba, mutumin kirki na, ya ƙara mini madara bai karɓi kuɗinta ba.

Bayan Juma'a na hau kabu-kabu, wato acaɓarsu, zuwa Kalmalo. Tabkin ya ja baya saboda rani, masunta na gyaran koma a gefe, fadama kuwa kore shar, injuna na ta tari suna zuba ruwa. Duk manomin da na tsaya wajensa, in na gama taɓa albasa kamar na san abin da nake dubawa, sai in sako sunan Alhaji Lawal. Wannan ya ce ai ko cikin azumi ka kira shi zai zo. Wancan ya ce ba ya sa wa inji tsohon ƙarfe ya ce sabo ne. Yabo dai har ya fara isata. Na san halin mutanenmu, ba a kushe ɗan gari gaban baƙo, saboda haka na koma masauki ban ƙaru da komai ba sai soyayyen tarwaɗa guda biyu.

Mai masaukin ya ce kada in kuskura in tafi ban ga taron gobe ba. Taron zumunci ne da dattawan gari da matasa suke haɗawa, kowace ƙabila ta fito da abincinta da kiɗanta. Na ce to, a can zan ga mutumin cikin jama'a.

Asabar: filin makaranta

Goma na safe filin firamare ya cika. Rumfuna zagaye, kowace da mutanenta. Fulani da ƙoren fura da nono, Buzaye da rawunansu suna dafa shayi a 'yan butoci suna yanka cuku, Zabarmawa da dambun zogale, Adarawa da Gobirawa da tuwon gero miyar kuka. Ga rumfar Yarbawa da amala, ga ta Igbo 'yan kasuwa, har da wata mata da ta ce shekararta talatin tana sayar da magani a garin, Hausarta ta fi tawa gishiri. Mutanen Ƙonni sun tsallako da masu gogensu. Ba a sayar da komai ranar, duk inda ka tsaya sai an cika maka kwano, in ka ce ka ƙoshi a ce ka raina su. Na ci har na fara jin tsoron tsayuwa kusa da rumfa.

Liman ya buɗe da addu'a, wani fasto ya yi tasa, aka ce amin gaba ɗaya. Aka yi kokawa turmi uku, ɗan Kalmalo ya kayar da ɗan Ƙonni, aka ɗaga su duka biyun. Wallahi abin ya burge ni, amma idona na kan wani dattijo gajere mai farin gemu da aka nuna mini. Alhaji Lawal ke nan, yana ta jan wayar lasifika yana yi wa matasa faɗa da Sakkwatanci tsantsa.

Sai ga wani tsoho dogo, tsagen Gobir ya cika kumatunsa, ya daka sandarsa a ƙasa ya ɗaga murya.

"Ina bawan nan nau? Lawali! Taho ka ɗauki takalman ubangijinka, ɗan masu cin barkono!"

Alhaji Lawal ko juyowa bai yi ba ya ce, "Ji tsohon banza! Kakana ya sayi kakanka da ƙwaryar goro, har yau muna nadamar asara."

Fili ya ɗauki dariya. Ni kuwa ban yi dariya ba. Ko yaron goye ya san Bagobiri ba ya wannan wasa sai da Bayarabe. Ashe mutanen Yarbawa ne! Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ji kamar an rufe ni da bargo an wuce da ni. Na tuno fuskar Yaya Binta, na ce shi ke nan, magana ta ƙare, gobe da sassafe sai Kano. Na juya zan fita ke nan aka riƙo hannun rigata.

"Baffan Safiya, sannu da rana. Albasa ta samu?"

Alhaji Lawal ne. Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na ce wa ya gaya masa.

"Malam, garin ga ƙarami na. Kuma mai sayen albasa buhu shika tambaya, ba mutum ba. Tun jiya da hantsi anka hwaɗa mini. Na ce a ƙyale ka ka yi aikinka, hakkinka na."

Na ce to tunda an zo nan, me ya sa ba a gaya mana asalinsu ba. Bai ji haushi ba. Ya ce ubansa daga Ogbomosho ya zo da keken ɗinki tun yana saurayi, nan aka haife shi, nan aka rufe uban da uwar. Bai ɓoye ba, ba a dai tambaye shi ba. Sannan ya ce, "Waɗanda kat tambaya jiya duk masoyana na, maganarsu ba ta da amfani gare ka. Ga Malam Isa can ƙarƙashin darbejiya, maƙwabcina. Shekara shida ba mu gaisawa, kan kwatar ruwa. Tahi ka tambaye shi." Ya saki rigata ya koma wajen lasifikarsa.

Na yi tsaye ina shawara da zuciyata. Daga bisani na ce na ci kuɗin mota, bari in ƙarasa. Malam Isa baƙi ne siriri, Ba'adare, yana zaune shi kaɗai da carbi. Na gaishe shi, wannan karon na faɗi gaskiyar abin da ya kawo ni. Da jin sunan ya tsuke baki.

"Lawali? Taurin kai gare shi awa jaki. Bakinai ba linzami. Ruwan gidana bai taɓa zuba ƙofatai ba, ƙarya shikai."

Na ce a raina yau ga shaida. Ya ja carbi, har na ɗauka ya gama. Sai ya ci gaba, yana kallon fili ba ni ba.

"Lokacin da anka rufe iyaka ina Tawa ta Nijar, tsohona ya rasu nan gida. Kafin in samu hanya kwana huɗu. Lawali ya yi mai wanka. Shi ya shiga kabari ya karɓe shi. Shi ya zauna zaure kwana uku shina amsar gaisuwa awa ɗan cikinai. Da na dawo na tahi in yi godiya, ka san mi ya ce? Wai ba don ni ya yi ba, don tsoho ya yi, kuma in gyara kwatata."

Na ce, "To kun shirya daga nan?"

"Wa? Ni? Har gobe ba ni gaishe shi." Ya juyo ya dube ni sosai. "Amma in ɗiya gare ka, ba su. Da ina da wadda ta isa, da na riga ka."

Kunya ta kama ni, irin wadda ban ji ba tun ina yaro. Na zo da ƙaryar albasa ina neman aibin mutum, shi kuwa da hannunsa ya tura ni wurin wanda ya fi kowa sanin aibinsa. Na koma rumfar Yarbawa na zauna, matar Alhaji Lawal ta zubo mini amala, na ci, barkono ya sa ni hawaye, tsohon Bagobirin nan yana gefe yana cewa Allah ya ƙara.

Lahadi da Litinin: komawa

Lahadi ce kasuwar Illela. Alhaji Lawal ya zagaya da ni kara, shanu da raƙuma da tumaki iya ganinka, dillalai na ciniki da harshe uku. Bai ƙara tayar da maganar auren ba, ni ma ban tayar ba. Sha biyu ya sa ni a mota, biyu saura ina Sakkwato. Litinin shida na safe muka kamo hanya, biyar na yamma na sauka Kano, ban ko biya gidana ba na wuce gidan marigayi.

Yaya Binta na zaune a tabarma tsakar gida. Labulen ɗakin Safiya a sake, amma ina hango yatsun ƙafarta ta ƙasa. Bayan gaisuwa na ce, "Yaya, zan fara da abin da ba za ki so ba. Asalinsu Yarbawa ne."

Ta tafa hannu. "Na faɗa! Ai jikina ya ba ni."

Na ce ta bari in gama. Na ba ta labarin Malam Isa tun daga kwata har kabari, ban rage ba ban ƙara ba. Na ce ni dai na yi shekara sittin da biyu a garin nan, ban tabbata ina da abokin faɗan da zai ba da irin wannan shaida a kaina ba. Ta murza bakin zanenta. Can ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ni na ce abin da ka ce shi za a yi."

Na ɗaga murya na ce, "Safiya, kawo mini ruwa."

Ta fito da kofi, ta durƙusa, idonta a ƙasa.

Na ce, "Ki gaya wa Kamalu su turo manyansu."

Kofin ya karkace, rabin ruwan ya zube a kan rigata. Sai ta kifa kai a gwiwar uwarta ta fashe da kuka. Yaya Binta ta ɗora mata hannu a baya tana cewa, "To ya isa, ya isa, sai ka ce an ce a'a," alhali ita ma hawayen take sharewa.

Na gode wa Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni lafiya. Na gode wa mutanen Illela da suka gane ni tun daga tasha suka rufa mini asiri. Godiya ta musamman ga Malam Isa, wanda ya faɗi gaskiya a kan mutumin da ba ya gaisarwa.