Takalmin Jikan da Bai Gani Ba

Tun yana saurayi yake ɗinka takalmi a wata 'yar rumfa mai warin fata da gam, bai taɓa tambayar kowa lambar ƙafarsa ba. In ka zo, sai ya ce ka taka kwali, ya zagaye ƙafar da fensir, shi ke nan. Mutum ne mai taurin kai, amma ɗinkinsa ba ya cizo.

Abin da ya hana shi sukuni bayan tsufa shi ne jikansa. 'Yarsa tana aure a wata ƙasa mai nisa, ta haifi ɗa, har yaron ya fara gudu kakan bai taɓa ɗaukarsa ba. Ya ƙudura sai ya ɗinka masa takalmi da hannunsa. Ya buga waya ya ce ta aiko da zanen ƙafar, ita kuwa ta ce ai an daina wannan, sayiz ɗinsa takwas ne.

Takwas na me? Yatsu ko taku? Ya tambayi malamin makaranta da ke kawo masa gyara. Malam ya gyara tabarau ya ce sayiz kalmar Turanci ce, asalinta daga zaman mahukunta ne da ke yanke awon burodi a zamanin da. Tsoho ya koma gida da ruɗani biyu maimakon ɗaya, yana ta tunanin me ya haɗa burodi da diddigen jikansa.

Mai kantin da ke gefensa ya ara masa takalmi mai lamba takwas ya kwaikwaya. Da ya ga girmansa sai da ya yi shakka, amma mai kanti ya ce yaran can ƙasar abinci suke ci ba wasa ba. Ya yarda, har da alfahari, yana gaya wa masu wucewa jikansa ƙato ne.

Ya ɗinka irinsa ya aika. Da saƙon ya isa, 'yar ta kira tana dariya har da tari. Ashe takwas ɗin yara daban, na manya daban, kuma yaron ya zuba ƙafafunsa biyu a ƙafar takalmi ɗaya. Kunya ta kama tsohon, ya shiga murza zare a yatsa.

"To, ki ajiye masa, zai girma ya tarar da shi," ya ce. "Amma kafin ƙafarsa ta cika shi, ai kin kawo mini yaron na gani, ko?"

Dariyarta ta tsaya. Ya ƙara manna wayar a kunne, yana zaton layin ne ya yanke.