Jar Layar Yaya Ummaru

Shekara goma sha tara ke nan da Allah ya karɓi ran yayana Ummaru, wanda Sakkwato ta sani da Likitan Yara. Ko wace damina nakan tuna shi, amma bana abin ya fi ƙarfin tuni, tsoro ne. Gulbi ya cika ya batse, shinkafar bakin fadama ta nutse, ni kuwa ina Kwalkwalawa da tattaɓa-kunne biyar a tsakar gida.

Yaya Ummaru malamin asibiti ne a ɗakin yara, tun zamanin Turawa. Mutum ne mai naci, wallahi har ya gundure ka. Kafin ruwan fari ya sauka yakan hau keke ya bi garuruwan bakin gulbi, yana cewa a daka garin kunu a ajiye a rataye, a ware tukunyar dafa ruwan sha, a ƙulle zannuwan goyo wuri ɗaya. Yakan ce in masifa ta zo, buhun dawa ake kawo wa mutane, to jariri da wane haƙori zai ci? Mu kuwa sai dariya, muna cewa boko ta sa shi ganin hadari a sarari.

Daminar da ake ta zancen Turawa za su tafi, sai ya zo da sabuwa. Ya sa dukawa suka ɗinka layu na jar fata. A ciki ba addu'a ba ce, takarda ce da ajami: sunan yanka na yaro, sunan ubansa, garinsu, da ciwon da yake fama da shi. Ya kawo ɗaya don 'yata ta fari, mai shekara uku. Na ce masa ba na so, wannan ai kiran masifa ne. Sai ya durƙusa gabanta ya ce, "Ke, wa sunanki?" Ta ce, "Yarinya." Ya ce, "Babanki fa?" Ta ce, "Baba." Ya ɗago ya dube ni. "Kin jiya, Hajo? Ke ba ki hwaɗin sunanta don kunya, ba ki hwaɗin na mijinki. In ta ɓace, mi za ta gaya ma mutane?" Ya ɗaura mata layar.

A daminar nan ruwan ya zo mana da hantsi, ina tsakar surfe. Kafin azahar katangu sun fara zubewa. Masunta suka kawo jiragensu, aka ce yara tukuna. Da hannuna na miƙa 'yata. Jirginmu ya sauka a tudu guda, nasu igiyar ruwa ta ja shi can ƙasa. Na bi tudun nan kaf ina tambaya, "Ba ku ga wata yarinya ba?" Kowa yarinya yake nema. Ga ta da ciwon ƙirji, in sanyi ya kama ta numfashi gagararta yake yi. Kwana biyu ban san ɗanɗanon abinci ba.

Ashe wata mai tallar kifi ce ta ɗauke ta, ta kai ta gidanta kusa da Hubbare, tana ta jiƙa mata saiwoyi. Ta ga jar layar sarai. Amma wa ke farke laya? Kowa ya san in aka buɗe ta, ta karye, mai buɗewa kuma ya ɗauki alhaki. Nan Yaya ya yi kuskure, kuma shi da kansa ya gane. Ran na uku ya samo mai shela, suka bi unguwa-unguwa: duk wanda ke riƙe da yaro mai jar laya ya farke ta, alhakin na wuyan Ummaru! Kafin la'asar aka kawo ta asibiti tana shaƙar numfashi da ƙyar. Da ta ƙara kwana, Allah kaɗai ya san labarin da zan ba ku yau.

Daga shekarar, kowace jar laya da mai shelarta.

To yau fa? An ce rigakafi ya fi magani, kowa ya iya faɗi. Likitocin yara sun yawaita, ga jami'a a gefenmu, ga waya a kowane hannu. Jikanyata ta ce, "Haba Inna, ai sai a buga waya." Na ce ɗan shekara uku ne zai buga, ko wayar ce ta iya iyo? Da Yaya na nan, na san da ya yaba da asibitocin, sannan ya tambaya garin kunu na ina, ya tambaya wa ya rubuta sunan yaran bakin gulbi. Ban san amsar da za a ba shi ba, kuma shi ke hana ni sukuni.

Bai bar gidan sama ba, keken ma ya ruɓe. Ya bar mini 'ya wadda yau take da jikoki, wadda har yanzu bakina bai taɓa kiran sunanta ba.

Jiya na aika wa dukawa, na ce layu biyar, jajaye. Ana ta yi mini dariya, sai na jawo ƙaramin cikin tattaɓa-kunnen nawa na ce, "Kai, wa sunan babanka?" Ya washe baki ya ce, "Abba."