Ƙwarya Mai Ɗinki

Maigidana, Allah ya jiƙansa, mai tsire ne, kuma bai iya juya nama bakinsa a rufe ba. A shekarun da ake ta rushe-rushe ana faɗaɗa Harami muna zaune a unguwar Tandabawi, a gida mai ɗaki biyu, rabinsa dutse rabinsa kwano. Tukubarsa tana bakin layi. Larabawa su zo su ce a ba su siriya, don haka harshensu ya mayar da tsire, shi kuwa yana barbaɗa ƙuli yana rera waƙa ɗaya tilo da ya taɓa yi a duniya.

Waƙar nan tawa ce. Ya yi ta ne a kan ranar da muka fara ganin juna a hanyar zuwa nan, a bakin wata rijiya gaba da garin Abashe. Iyayena sun yada zango a can suna noma, sai ayarin su maigidan ya iso da shi, zazzaɓi ya cinye shi, leɓensa duk ya tsattsage. Na ɗebo ruwa na miƙa masa a ƙwaryar innata, wadda ta taɓa fashewa aka ɗinke ta daga baki har gindi. Ya sha, na yi dariyar yadda ruwan yake bin gemun da bai gama tsirowa ba, ya ga wushiryata. Iyakar abin da ya faru ke nan. A Sudan aka ɗaura mana aure bayan mun sha tsinkar auduga, ƙwaryar kuma ta haye teku tare da mu. Amshin waƙar yana cewa:

Mai wushirya ta bakin rijiya,
Ƙwarya da ɗinki ta ba ni na sha,
Har yau ƙishi bai komo ba.

Bai taɓa gaya wa kowa wace ce ba, ni ma haka. Mutanenmu ba sa yi. Namiji ya ambaci matarsa a gaban maza, ai sai a ce ya zubar da girmansa. Amma ina jiyo shi daga tsakar gida ina daka masa yaji, kuma hakan ya ishe ni.

Wata shekara bayan aikin Hajji muka yi baƙo, wani dattijo Bahaushe da ya daɗe a Tarabulus har ya yi wa Italiyawa tafinta. Jirgin ruwansu ya yi jinkiri, muka ba shi ɗakin waje. Mutumin kirki ne, ga karatu, sai dai in ya kama magana shayi sai ya huce a hannunsa. Da ya ji waƙar sai ya riƙe baki. Ya ce a ƙasar Italiya, can a zamanin da, an yi wani mawaƙi da ya ga wata yarinya a garinsu, ta rasu da ƙuruciyarta, ya sa ta a waƙa ta zama ita ce take jan hannunsa har sama. Malaman can, in ji shi, sun ce ba mace ake nufi ba, son Allah ne aka ɗaura wa zane don mutane su gane shi. Ya ce waƙar maigidana ma haka take, bege ne tsantsa, irin wanda masu tsoron Allah suke yi. Wushirya 'yar ƙofar rahama ce, ƙwarya mai ɗinki kuwa zuciya ce da ta fashe tuba ta ɗinke ta.

Ina bayan labule ina jiran mutumin nawa ya gyara masa. Sai na ji ya yi gyaran murya ya ce Allah ne masani.

Kafin a yi haka labari ya zaga unguwa. Aka daina ce masa mai tsire, aka koma mai bege. Ya sayi sabon rawani. Masu sayen nama su tsaya su ji amshi su ce amin. Wata maƙwabciyata ta shigo aron rariya, ta zauna tana kallon bakina ƙiri-ƙiri tana yi mini bayanin abin da wushirya take nufi a wurin malamai. Na rufe bakina da gefen mayafi don kada ƙofar rahama ta ba ta tsoro.

Abin dariya ne, amma ya yi mini ciwo ƙwarai. Mutumin nan bai taɓa buɗe baki ya ce yana sona ba, ba haka aka yi mu ba. Waƙar nan ce kaɗai maganar da ya taɓa yi mini, ga shi an ɗauke ta an kai sama ina tsaye.

Na tare shi da safe yana soka nama a tsinke. Na ce, "Malam, ashe ni misali ce? Misali ne ya haifa maka yaran nan?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Ma'alesh, ki yi haƙuri ki bari. In na buɗe baki yanzu sai a ce na yaudari jama'a, ina yi wa mace waƙa suna cewa amin."

Na ce masa ita waccan ta Italiya ta mutu, shi ya sa aka mayar da ita abin da aka ga dama ta yi shiru. Ni kuwa ina nan da raina, har albasa nake yanka masa.

Ranar Juma'ar da baƙon zai tafi Jidda aka yi masa walimar bankwana bayan la'asar. Ɗakin waje ya cika da maza, aka ce mai bege ya yi bege. Ya rera, baƙon yana fassara baiti bayan baiti, har aka zo kan ƙwarya. Sai baƙon ya waiwayo wajen labule ya ce, "Ya Hajja, a taimaka mana da moya." Ruwa yake nufi.

Ina da kofunan gilas sababbi da na ajiye don baƙi. Ban taɓa su ba. Na buɗe akwati na ciro ƙwaryar innata, na ɗauraye ta, na cika ta da zamzam, na zura hannu ta gefen labule.

Na ji an karɓa. Ta 'yar kafar labule na ga baƙon yana juya ta, yana bin ɗinkin da yatsa daga baki har gindi. Ya dubi maigidana ya ce, "Ya shekh, wannan fa?"

Na ce a raina shi ke nan, na kwance masa rawani a gaban mutane, kuma in ya ce bai san ƙwaryar ba, ban san da wane ido zan ƙara kallonsa ba.

Sai maigidan ya ce, "Malam, abin da ka faɗa gaskiya ne. Ranar nan na cire rai, Allah ne ya shayar da ni. Amma bai zuro mini guga daga sama ba. Hannun da ya aiko da ruwan, shi ne wannan da ya miƙo maka yanzu. Tun daga ranar, in na so in tuna Allah yana sona, ita nake kallo."

Sai na zauna a ƙasa a bayan labule.

Baƙon ne ya fara dariya, sauran suka kama. Ya ce shi wancan na Italiya ko shayi bai taɓa sha daga hannun tasa ba, mai tsire ya fi shi sa'a nesa ba kusa ba. Ya kafa kai ya sha, ƙwaryar ta zaga ɗakin, har ruwan ya ƙare. Ba wanda ya daina cewa amin in an rera waƙar. Maƙwabciyata ce kawai ta yi kwana da kwanaki ba ta iya haɗa ido da ni.

Yau maigidan ba ya nan. Jikokina Larabci ya fi zama a bakinsu, amma sun riƙe amshin. Kwanan baya babbansu ya zaunar da ni yana koya mini cewa mai wushirya a waƙar kakansa rahamar Allah ce. Na ce masa haka ne, don yanzu da nake rera ta ni kaɗai na yarda. Na yi masa dariya, amma bai ga komai ba. Wushiryar ta tafi tare da haƙoran.