Kaset Biyu na Ranar Juma'a

Shekarun baya, zamanin da ake hayar kaset ɗin bidiyo, akwai wani shago a unguwarmu ta Sauka Kahuta. Mai shagon, wani Banufe mutumin Bida, ya raba kantarsa biyu: dama finafinan faɗa, na maza, hagu na soyayya, na mata. Namiji in ƙafarsa ta kai shi hagu, sai ya yi saurin cewa aiko shi aka yi.

Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci mahaifina yakan ɗauki biyu. Ya ɗaga na faɗa ya ce, "Wannan nawa." Ya ɗaga ɗayan ya ce, "Wannan na madam." Su shige ɗaki shi da mahaifiyata, su tura ƙofa. Ni kuwa a lokacin ina ji da samartaka, na fi kowa baki wajen tsokanar duk namijin da ke kallon soyayya. A gabansa ma na sha yi, sai dai ya yi murmushi.

Da mahaifiyata ta rasu, mahaifina ya daina zuwa shagon. Ya daina hira, abinci sai an matsa masa. Na tsorata ƙwarai, don ina ganin yadda yake ƙarewa a zaune.

Wata Juma'a na yi dabara irin tawa, na hayo masa fim ɗin faɗa mai zafi. Ana fara naushi sai na ga hawaye a gemunsa.

"Baba, lafiya?"

"Kashe," ya ce. "Wannan nata ne."

Ashe ita ce mai son faɗan. In jarumi ya yi tsalle har tashi take tana kai duka a iska. Shi kuma na soyayyar yake jira, tana miƙo masa bakin zanenta yana share ido. Shekara da shekaru suna rufa wa juna asiri.

"Yanzu in na je," ya ce, "in ce na wa?"

Kunya ta rufe ni, don na san bakina yana cikin abin da ya hana shi. Na ce ya tashi in raka shi.

A shagon ya nufi hagu kai tsaye. Mai shago, da sabo, ya ce, "Baba, na madam ne?" Sai ya tuna, ya dafe baki. "Wayyo, yi haƙuri, na manta madam ya rasu."

Samari cike da benci, kowa ya zuba masa ido. Mahaifina ya ce, "Nawa ne. Dama can nawa ne."

Tun ranar ban sake yi wa kowa dariya kan abin da yake kallo ba. Har yau ban manta abin da ya biyo baya ba. Mun kai bakin ƙofa sai ya juya, ya zaro na faɗa guda daga dama, ya ɗora a kan nasa.

"Wannan ne na madam," ya ce.