Akwatin Laifi

Ban yi boko ba. Karatun da nake wannan rubutu da shi, sai da na yi furfura na koye shi a ajin manya na majami'armu. A lokacin da zan ba da labarinsa, ko sunana ban iya rubutawa ba. Amma a gidan jarida nake aiki.

Ƙaramin gida ne a Kafanchan, bayan tashar jirgi, ɗaki uku da rumfa. Sau ɗaya a mako muke bugawa, shafi huɗu, rabi Hausa rabi Turanci. Labarin kasuwa, labarin majami'u, wanda ya rasu, wanda aka ɗauke daga reluwe aka kai wani gari. Ni ne mai inji. Tsohon inji ne, da ƙafa ake taka shi. In sa takarda, in taka, in zare. Ban san abin da takardar ta ce ba, amma in tawada ta yi yawa ko ta gaza, na fi kowa gani. Na kama aikin shekarar da motoci suka koma bin hannun dama. Ina da mata da 'ya'ya uku a ɗakin haya. Gonarmu ta gado a Kagoma kuwa wana da iyalinsa ma da ƙyar take ɗaukarsu. In aka kore ni, ba ni da inda zan kai su.

Mu goma sha ɗaya ne. Mai jaridar tsohon malamin makaranta ne, bai cika magana ba. Da ciwon ƙafa ya kwantar da shi, sai ya ɗauko ɗan wan matarsa daga Kaduna ya ba shi riƙo. Wannan shi ne manaja. Ya zo da taye a wuya, da wani littafin Turanci da yake dukan tebur da shi. Mako biyu da zuwansa ya kira kafinta, aka yi akwati mai ƙaramar kafa a sama, aka sa kwaɗo, aka kafe shi a bakin ƙofa.

Dokar ita ce, kowace Jumma'a kafin a tashi, kowa ya rubuta laifin wani ya jefa. Ba a sa hannu. Ran Litinin, da an gama addu'ar safe, shi zai buɗe ya karanta a gaban kowa. Wanda aka ambata ya tashi tsaye har a gama. Ya ce haka ake yi a manyan wurare.

Wata ɗaya bai cika ba gidan ya lalace. Mutum ya shigo rumfa, a yi shiru. Ka nemi aron almakashi, a ce ba a gani ba. Akwai mai neman labari ɗaya, mai himma, har Samaru Kataf yake zuwa a keke. Aka karanta cewa yana biyawa wurin masu burkutu in an aike shi. Ƙarya ne, ko shayi mai ƙarfi ba ya sha. Ya tsaya tsaye aka gama karantawa, ya ɗauki kekensa, ba mu sake ganinsa a gidan ba, sai wani aka ɗauka a madadinsa. Wanda ya fi kowa tsayuwa kuwa shi ne Baba, mai haɗa haruffa. Dattijo ne daga Kagoro, hannunsa ya fara rawa, saboda haka shi ne mai sauƙin rubutawa. Kowace Litinin sai ya tashi sau uku ko huɗu, yana dafe da bango.

Ni ban jefa komai ba. Ba don kirki ba. Ban iya ba ne.

Litinin ta huɗu manaja ya zube takardun a tebur ya ƙirga.

"Goma. Ku nawa ne?"

Kowa ya san ko wane ne.

"Mai inji."

"Oga."

"Ina taka?"

"Ban iya rubutu ba."

"Ba ka da baki? Ka sa a rubuta maka. Wanda ba ya kawo laifin kowa, shi ke ɓoye nasa."

Na tafi wurin Mama mai buga tafireta. Gwauruwa ce, shugabar zumuntar mata a majami'arsu, ba ta tsoron kowa sai Allah da macizai. Da ta gan ni da takarda sai ta ɗaga hannu biyu.

"Kai, ɗan'uwa, kada ka sa ni cikin zunubi. Nawa na Jumma'a ma ya ishe ni tuba."

"Rubuta kawai. Ki ce rolar inji ta tsage, wata rana za ta ci hannun mutum."

Ta yi dariya har da hawaye, ta rubuta. Ran Litinin manaja ya karanta, ya kalli inji, ya kalle ni.

"To, inji ya tashi tsaye mana."

Wasu suka yi dariya don ya ga sun yi. Sannan ya ajiye takardar.

"Ka ji ni da kyau. Mutum nake so, mai suna, mai ƙafa biyu. In Litinin ta zo ban ga sunan mutum a takardarka ba, ka ajiye aiki. Masu taka inji sun cika tasha."

Ba su cika ba, amma shi bai sani ba, kuma ba zai sani ba sai bayan na tafi.

Kwana uku ina taka inji ina tunani. Sauran suna da ɓoyo, kowa ya rubuta a ɗakinsa ya naɗe. Ni duk wanda zai rubuta mini sai na faɗa masa da bakina, shi kuma ya faɗa wa wani. Ko yaya na yi, za a san ni ne. Matata ta ce in kira sunan wanda ba ya gaishe ni. Na ce kowa yana gaishe ni. Ta ce to in zaɓi wanda gaisuwarsa ba ta da daɗi.

Ran Alhamis da rana na ga tunda za a sani, gara wanda zan kai ya fara sani. Na iske Baba a kan akwatin haruffansa, yana tsince su ɗaya ɗaya.

"Baba, kai zan kai."

Bai ɗago ba.

"To. Ka shiga layi, akwai mutane a gabanka."

"Ban san me zan ce ka yi ba. Kai za ka faɗa mini. Kai kuma za ka rubuta."

Sai ya ɗago. Ya daɗe yana kallona ta saman tabarau.

"Kai, kana da lafiya kuwa?"

"Ina da 'ya'ya uku."

Ya goge hannu a riga, ya karɓi takardar. Ya yi tunani sosai, kamar mai zaɓen iri.

"Gyangyaɗi an riga an rubuta. Jinkiri ma an rubuta. Bari mu ba shi sabo." Ya rubuta, ya karanta mini: Baba yana cin gyaɗa a bakin aiki, yana zuba ɓawon a akwatin haruffa. "Wannan gaskiya ne," in ji shi. "Ba za ka shiga wuta saboda ni ba."

Litinin ta zo. Aka yi addu'a, aka ce amin, manaja ya buɗe kwaɗo. Sha ɗaya cif. Da ya zo kan tawa sai ya tsaya, ya matso da ita kusa da ido. Ya san rubutun Baba, kowa ya san shi, kamar sawun kaza a taɓo.

"Mai inji, wannan taka ce?"

"Tawa ce, Oga."

"Wa ya rubuta maka?"

"Baba."

"Baba ya rubuta laifin Baba?"

"Shi ya fi kowa saninsa."

Mama ta cusa gefen ɗankwalinta a baki. Baba ya riga ya miƙe tsaye, yana jira. Manaja ya juya takardar, ya sake juyawa. Ya ce sunan mutum, ga sunan mutum. Ya ce a rubuta mini, an rubuta. Ya buɗe littafinsa na Turanci, ya rufe.

"Baba, ka daina cin gyaɗa. Na gaba."

Shi ke nan. Na koma na taka injina.

Da rana Mama ta zo rumfa ta tsaya a kan Baba, hannu a ƙugu.

"Baba, ni ce na rubuta gyangyaɗi. Sau biyu."

"Na sani, 'yata. Ke kaɗai kike sa aya a ƙarshe."

"To wannan makon kai ka kai ni. Ka ce ina waƙar sujada a bakin aiki."

Daga ranar abin ya koma kamar gayya. Ran Alhamis mu taru a rumfa, a raba. Wannan makon wane ya ɗauki biyu, wane ya huta. Kowa shi ke zaɓen laifinsa, ƙarami, kuma na gaskiya. Baba aka ba shi hutun wata guda, har ya fara ƙorafin an manta da shi. Manaja yana samun takarda sha ɗaya kowace Litinin, yana karantawa da murya mai ƙarfi, yana jin daɗi. Na taɓa ji yana gaya wa wani baƙo cewa ya gyara gidan. Ko ya gane, ko bai gane ba, ban sani ba, ban kuma tambaya ba.

Da juyi ya zo kaina, na ce a rubuta ina zagin inji da yarenmu. Na tashi tsaye, aka karanta, na zauna. Shekara shida na ƙara a gidan. 'Ya'yana uku duk a Kafanchan suka shiga makaranta, babbar ma har ta gama.