Su biyun da Mushe Sa'adu ya ce su wanke shi

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Mushe Sa'adu ya rasu.

Da safen nan labarin ya iske ni a rumfata ta albasa, ina ɗinke bakin buhu. Ɗiyarshi ce ta kira ni a salula. Ta ce ya dawo daga masallaci, ya zauna bisa tabarma yana jiran kunu, ya jingina da bango, shi ke nan.

Basilla na hannuna, ban san sa'ad da ta faɗi ba.

Ga wanda bai san shi ba, shi ya koya muna tarihi a kwalej nan Madawa. Mushe kuwa, haka muke ce ma malamin lakwal, wato makarantar boko. Da rani nakan zo lakwal a makare, ƙafafu duk laka, don sai na ba albasar babana ruwa a garka, wato lambu, tukuna. Sauran malamai bulala ce. Shi sai ya dubi ƙafata ya ce, "Garka ta sha?" In na ce ta sha, ya ce, "To shigo, kai ma ka sha."

Ranar da babana ya ce karatun ya isa haka nan, keke Mushe ya hau har garka. Bai yi wa'azi ba. Takalmi ya tuɓe, ya naɗe wando, ya kama ban ruwa tare da tsoho, har tsoho ya ji kunya ya ce in koma.

Ina wannan rubutu ne zaune a ƙofar gidanshi. Rana ta ɗaga, ga zafi, ga likkafani an ɗinka, an gama ginar kabari. Amma har yanzu ba a yi mishi wanka ba. Ku tsaya in gaya muku dalili, don wasu daga cikin masu karanta wannan suna da hannu a ciki.

Mushe na da aminai biyu tun ba a haife ni ba. Alhaji Nomau, manomi, asalinsu Karofan. Da Agali, tsohon malamin asibiti, Buzu ne daga wajen Keita. Kullum bayan la'asar su uku gindin dogon yaron ƙofar gidan nan, da butar shayi, suna tsokanar juna kamar yara. Duk unguwa ta san wannan zama.

To, kun san tun da anka fara maganar sabon kuɗi, kowa ya zama mai ba gwamnati shawara. Wa za a sa bisa kuɗin ƙarfe? Wane shugaba, wane jarumi? Samarinmu na gurup ɗin hira na salula sunka kafa komite, wani mai iya salula ya zana kuɗin ƙarfe da fuskar wani jagoran yaƙi na arewa, da rawani da takobi, wanda ya yi ma Nasara tsaye zamanin da. Ba ni faɗin sunanshi. Sunan nan ne ya kawo mu inda muke.

Agali daga zuriyarshi yake. Ranar nan ya zo gindin dogon yaro da salula a hannu, baki har kunne. Ina wurin, na kawo ma Mushe albasa.

Ya ce, "Ku duba kakana! Yau ƙasa ta tuna da shi."

Alhaji Nomau ya karɓi salular, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Wanga? Wanda mutanenshi sunka kwashe rumbunanmu, sunka ɗaure kakata bayan raƙumi tana da goyo? Shi zan sa aljihu in shiga masallaci da shi? Shi zan miƙa ma jikana ya sayo ƙuli?"

Agali ya ɗauka wasan da sunka saba ne. Ya yi dariya ya ce, "Haba Alhaji, ai an ce da ƙiba ta dawo muku."

Allah sarki. Da ya san abin da ke ƙarƙashin maganar nan, da ya haɗiye ta. Matar ta dawo, gaskiya ne, amma babu goyon.

Alhaji ya tofar da yawu gefen salular, ya shuri butar shayi, garwashi ya watse. Agali ya miƙe, ya ja rawani ya rufe baki, ya tafi. Tun kafin damina anka yi wannan. Ga shi har an yi girbi an ɗaure dammuna, ko sallama ba ta shiga tsakaninsu ba. In ɗaya ya shiga sahun gaba, ɗayan sai ya koma baya.

Ku kuma ƴan gurup kunka samu abin yi. Masu cewa jarumi, masu cewa ɗan fashi. Har kakannin juna kunka zaga, mutanen da kuke cin tuwo akushi guda ranar suna. A kan kuɗin da ko ƙera shi ba a yi ba! Wa ya tambaye ku ma?

Mushe ne ya sha wuya a tsakiya. Kowane ɓangare na jan rigarshi: kai ne malamin tarihi, faɗi gaskiya. Shi kuwa abu guda yake maimaitawa. "Abin da na koya muku a aji gaskiya ne, ya yaƙi Nasara. Abin da kakar Nomau ta faɗa ma jikokinta shi ma gaskiya ne. Kuɗi hannu-hannu yake bi. Ku nemo wanda kowane hannu ke iya riƙewa." Sai wasu sunka ce matsoraci ne. Mushe Sa'adu, wai matsoraci.

Bai bar dafa shayin ba. Kullum zai fito da kofi uku, ya zauna shi kaɗai. In na biyo, ya ba ni ɗaya, ɗayan ya huce.

Ganina da shi na ƙarshe ranar kasuwar da ta wuce ne. Ya zo rumfata yana haki, ya ce tansiyo ce ke damunshi, wato hawan jini. Na ba shi buhu ya zauna. Ya ɗauki albasa guda yana juyawa, ya ce in da shi ake tambaya, ita za a sa bisa kuɗin, don ita kowa take sa kuka ba ta zaɓe. Munka yi dariya.

Sai ya daina dariyar. Ya ce, "Ina da magana, kai ne shaida. Na gaya ma matata Hajo ita ma. In ta Allah ta kasance, Nomau da Agali za su yi mini wanka. Agali shi zuba ruwa, Nomau shi wanke. Kada wani hannu ya taɓa ni."

Na ce, "Haba Mushe, wace irin magana ce wannan da rana tsaka?"

Ya ce, "Da raina sun ƙi jin tawa. Mu gani ko sun ji ta gawa."

Ya saye albasar nan guda ɗaya, ya ƙi in ba shi kyauta, ya tafi yana dogara sanda.

Yau ina jin labari na hau moto, wato babur, sai gidan Alhaji Nomau. Na iske ya riga ya ji, yana kuka kamar ƙaramin yaro. Ko hula bai tsaya nema ba, ya biyo ni. Sai da munka iso nan na gaya mishi wasiyyar. Ya share ido ya ce, "Ni zan wanke ɗan'uwana. Amma in wancan ya shigo ɗakin, ni hita zan yi."

Na juya sai gidan Agali. Ya fito zaure, ido jawur. Ya saurare ni har na gama. Ya ce, "Ka ce ma Inna Hajo ta yahe mini. Ba ni iya tsayawa ɗaki guda da wanda ya toha ma kakana yawu."

Na roƙe shi. Na durƙusa, wallahi na durƙusa. Ya shige gida ya bar ni nan.

Inna Hajo, matar Mushe, ta zauna bakin ƙofar ɗakin da yake kwance. Ba ta ihu, ba ta komi. Ta ce abin da mai gidanta ya faɗa shi za a yi. Liman ya aiko cewa ba a jinkirta gawa, ana sallame azahar za a yi mishi salla, ko wa ya wanke shi. Gaskiyar liman ce. Amma in haka ta faru, roƙon ƙarshe na bawan Allah nan ya faɗi ƙasa ke nan, kuma mutanen nan biyu sun rabu har kabari. Kowa a ƙofar gidan nan ya san haka.

An ɗora ruwa, ya yi ɗumi, ya huce. An sake ɗorawa.

Kuma ina zaune nan, na buɗe salula, mi zan gani? Wani a gurup ya ɗauki hoton Mushe ya liƙa bisa kuɗin ƙarfe, wai shi ya cancanta. Ƙasan hoton kuma an dasa gardama, wannan na cewa Mushe namu ne, wancan na cewa a'a bayanmu yake. Ku ji tsoron Allah! Mutum na kwance ba a wanke shi ba. Wanda ya sa hoton nan, ka san kanka, ka goge shi yanzu-yanzu. Wanda kuma ke gidan su Agali, ko yake da lambarshi, ya karanta mishi wannan. Ba ni da sauran dabara.

Na aje salula a nan, don na ji mutane sun miƙe.

Na dawo.

Agali ne. A ƙasa ya zo, ba moto ba sanda, da rawani har bisa hanci. Bai gaida kowa ba. Alhaji Nomau na ganinshi ya tashi daga bakin ɗakin ya nufo waje, kamar yadda ya ce zai yi. Zauren Mushe ƙarami ne, mutum biyu ba su giftawa. Nan sunka yi kiciɓis.

Ba wanda ya matsa.

Sai muryar Inna Hajo daga ciki, a hankali: "Ruwa na hucewa."

Agali ya sauke rawanin daga bakinshi. Ban taɓa ganin bakin Agali a gaban taro ba sai wajen shan shayi. Ya ce, "Nomau, ban san da goyon ba. Sa'adu ne ya gaya mini daga baya. Kunya ta hana ni zuwa."

Alhaji bai ce na yafe ba. Ya daɗe tsaye. Sannan ya duƙa ya ɗauki butar da ke bakin zaure, ya miƙa mishi.

Ya ce, "Kai ke zubawa. Haka ya ce."

Sun shiga, an saki labule.

Ban san ko gobe za su gaisa ba. Ban san wa za a sa bisa kuɗin ba, kuma yau ko a jikina. Abin da na sani, daga inda nake zaune ina jin ƙarar ruwa, da muryar Alhaji yana cewa, "Ƙaro kaɗan."

Ya Allah, ga Sa'adu nan ya zo gare Ka. Ka wanke shi fiye da yadda aminanshi ke wanke shi yanzu. Ka yalwata mishi kabari, Ka sa ya huta, Ka ba Inna Hajo da ɗiyanshi haƙuri. Ka sanyaya zukatan tsofaffin nan biyu, kada abin da ya haɗa yau ya warware.

Salla bayan azahar, ƙofar gidanshi. Wanda zai zo ya bar gardamarshi gida. Wanda ke nesa, don Allah ya ɗaga hannu ya yi ma Mushe addu'a, ya sa da su biyun da ke cikin ɗakin.